Gululun Gwaggo Hurera

Wannan labari daga bakin mai shi na ji, wato Gwaggo Hurera ƙanwar mahaifina, mace ce kuwa da ba ta iya ƙari a magana ba. Duk wanda ya san ta ya san ta da mazari a hannu. Ko barka za ta, taskirar kaɗinta na hammata, da auduga da alli da wani tsohon gululun yumɓu, ɗan dunƙulen nan da ake zura wa mazari don ya yi nauyi, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Mijinta Malam Barau tsohon safiyo ne, mai awon filaye da zanen taswira. Shekara talatin yana mita a kan ƙugin mazarin nan. Ya ce, "Hurera, kunnena." Ta ce, "To, Malam," ta lakato alli ta ci gaba da abinta.

Wata Laraba da hantsi Malam ya fita auna iyakar wata gona a bayan gari, bai dawo ba. Hularsa kaɗai aka tsinta a kan kunya. Aka yi cigiya har aka gaji. Ran kwana arba'in, da la'asar, Gwaggo na tsakar gida sai ta ji sallama daga sama. Ta ɗaga kai ta ga wani dogon mutum ya leƙo ta saman katanga, ita kuwa katangar iyakarta gwiwarsa.

Ya ce, "Aminci ya tabbata ga matar gida. Ni ne Zungurum, Shamakin Sarauniyar Ƙasar Juyau. Mijinki yana wurinmu lafiya, yana zana mana taswira. Ya aiko ni in karɓo masa tabarau, ya ce yana kan taga."

Gwaggo ta amsa sallama ta ce, "Kwana arba'in, abin da ya tuna ke nan, tabarau. To yaushe zai dawo?"

"Ya ke 'yar Adam, ba zan ɓoye miki ba. Sarauniya ta rantse ba zai fita ba sai taswira ta yi daidai. Ya zana goma sha tara, babu wadda ta kwana ba ta zama ƙarya ba. A ƙasarmu kuma inuwar ɗan Adam ƙarewa take yi kaɗan kaɗan. Ran da ta ƙare ya zama namu har abada, ƙofa ba za ta ƙara saninsa ba. Tasa saura kamu ɗaya."

Ta ce mini a nan ta tsorata, amma ba ta bari aljani ya gani ba. Ta ɗauko tabarau ta jefa a taskira, ta yafa mayafi ta ce, "Ba na ba baƙo kayan Malam. Mu je in kai masa da hannuna."

Zungurum ya warware rawaninsa ya wurga shi sama, ya miƙe ya zama hanya fara sol. Suka hau. Suka wuce rumbun da ake ajiye ruwan sama cikin tuluna, suka wuce kasuwar iskoki inda ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta yi atishawa, don duk wanda ya yi, iskar da ta fi kusa ta ɗauka tayi ne, sai ta bi shi gida. Gwaggo ta toshe hanci da bakin mayafi har suka fita. Can sai ga Juyau a gabansu, ƙasa ce dunƙulalliya kamar duma, tana rataye ba igiya, tana juyawa a hankali. Wani farin gajimare ya yi mata ɗamara, a kansa kuwa fada ce ta farin dutse. Babu rana a can, babu dare, haske ne ko'ina irin na hantsi.

A wani soro na fadar ta iske Malam a tsugune cikin takardu, ya rame, ya kusa manna ido a kan abin da yake zanawa. Inuwarsa na gefensa, ba ta kai tsawon taskira ba.

Ya ce, "Hurera, tabarau na aika a kawo, ba ke ba."

"Ga tabarau, ni kuma gyara ce. Me ya hana aikin ƙarewa?"

Ya sa tabarau ya yi ajiyar zuciya. Ya ce kudu da arewa tuni ya gama da su da igiyar awonsa. Gabas da yamma ne suka gagara, don ƙasa dunƙulalliya ba ta da baki, dole a zaɓi layi ɗaya a ce daga nan aka fara ƙirga. Su kuwa al'adarsu tun kaka da kakanni daga ƙofar fada ake fara kowane awo. Ya rage murya ya ce, "Fadar kuwa a kan gajimare take, yawonta take yi. In na auna yau garin Tsamiyar Azurfa yana gabas da ƙofa, kafin in wanke alƙalami ya koma yamma."

"Ka gaya musu?"

"A nan ba a cewa fada na tafiya. Cewa ake ƙasa ce ke kai da komo tana gaishe da Sarauniya. Ni kuma tunda nake aiki ban taɓa musa wa na gaba da ni ba."

Gaskiya ya faɗa, haka Malam yake. Ko yaro ya saka rigar hukuma sai ya miƙe masa.

Aka kai Gwaggo gaban Sarauniya, mace mai fuska kamar ta budurwa da furfura har ƙasa. Gwaggo ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Sarauniya ta ce, "Ya ke matar mai awo, kada ki ɗauke ni azzaluma. Talakawana ɓata suke yi a cikin ƙasarsu. 'Yata ta cikina, na aurar da ita garin Tsamiyar Azurfa, 'yan kai amarya suka tashi da ita daga ƙofar nan, yau shekara arba'in suna neman gidan ango. Ban san inda take ba."

Gwaggo ta ce tausayinta ya kama ta ƙwarai, don ita ma ta haifa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ban yi karatu ba, kaɗi na iya. A ba ni izini in nuna wani ɗan abu."

Ta ɗauko mazari ta ɗiga alli a jikin gululu. Ta tsinko 'yar auduga ta ɗora a kansa sako-sako, ita ma ta shafa mata baƙin tawadar Malam. Ta murza. Da mazari ya tsaya, ɗigon alli na nan inda aka sa shi, auduga kuwa ta zame ta koma ɗaya gefen.

Ta ce, "Auduga ta fi yumɓu daraja nesa ba kusa ba, don ita ake yin kaɗin. Amma in ina son in san juyin mazari, a jikin yumɓu nake sa alama."

Fadawa suka sunkuyar da kai, Malam ma ya sunkuyar da nasa. Sarauniya ta daɗe tana duban audugar, sannan ta ce, "Ban ji kin ce komai a kan fadata ba, saboda haka ba ki yi laifi ba. Ku sauka ƙasa ku nemo mini abin da ba ya motsi. Sai dai ki sani, a Juyau komai yana da ƙafa."

Zungurum ya ɗauke su a tafin hannunsa ya sauka da su. Farko suka je wurin Dutsen Baƙin Wuya, wanda ya fi kowane dutse tsawo. Dutse ya yi magana da murya mai girgiza ciki, ya ce, "Ku fara awo daga kaina. Wa ya kai ni nauyi?"

Gwaggo ta ce, "Allah ya ja zamanin babba. A ba mu ɗan lokaci mu huta a gindinka." Ta ɗaura zare a wani tsauni nasa, ɗaya bakin ta ɗaure a turken da ta kafa a ƙasa, ta zauna tana kaɗi. Ba ta cika rabin mazari ba zare ya ɗame ya tsinke. Dutse ya ji kunya ya ce ciyawar can gaba ce ta fi laushi, shi ya sa yake ɗan matsawa kiwo. Suka yi masa godiya suka wuce.

Suka isa Kogin Madara. Kogi ya ce shi ne ya ratsa ƙasa daga sama har ƙasa, layi ne shiryayye, ba sai an zana ba. Gwaggo ta tambaye shi ko nan ya kwana bara. Ya ce a'a, duk garin da ake biki can yake komawa, don ba ya son a yi shagali ba shi. Tsallake shi ma sai da suka sha wuya, don yana jin an ambaci biki ya taso da murna ya kusa tafiya da takardun Malam.

Na uku wata kuka ce, ita kam ba ta motsi, saiwarta ta kama ƙasa gam. Malam ya yi murna ya ciro igiya. Da ya tambayi faɗinta, Zungurum ya ce mahayin doki yakan yi kwana tara bai kewaye ta ba. Malam ya mayar da igiya cikin jaka ya ce, "Daga wane gefenta za a fara? Alama in ta cika girma ba alama ba ce, wata ƙasar ce." Gwaggo ta dubi ƙasa, ta ga inuwarsa ta koma taƙi ɗaya. Sai ta ƙara sauri.

Ƙishirwa ce ta kai su inda suke nema. A wani fili mai duwatsu suka iske 'yar rijiya, bakinta bai fi faifai biyu ba, wata tsohuwar aljana na zaune a gefe tana gyaran guga. Gwaggo ta gaishe ta, ta sha ruwa, ta ce, "Iya, rijiyar nan takan je wani wuri?"

Tsohuwa ta ce, "Ina za ta, 'yar nan? Rami ne a cikin ƙashin ƙasa. Dutse ya zo ya wuce, kogi ya zo ya wuce, fada takan gitta ta sama. Ba wanda ya taɓa tambayar mu sai ke."

Gwaggo ta ɗaura zare ta kafa turke, ta kaɗa mazari guda cur, zare bai ko girgiza ba. Malam ya ce Alhamdu lillahi, an sami mafari. Amma ya ce da sauran aiki, sai an san tsawon juyi ɗaya na ƙasar, ga shi babu rana balle a bi ta, agogonsa kuma ya tsaya tun ran da ya zo.

Tsohuwa ta ce, "Wanda ya sauka ƙasan rijiyar nan ya ɗaga kai yakan ga wani tauraro, ko da hasken nan. Yakan gitta bakin rijiya ya wuce, can a jima ya dawo. Mu ba ma iya sauka, iska ce mu, ramin tofo mu yake yi."

Malam ya fara tuɓe riga. Gwaggo ta ce, "Malam, zauna. In ka ga tauraron, da me za ka auna? Ni hannuna ba ya sauri ba ya nawa, kai ne shaida, shekara talatin kana ji."

Aka zura ta a guga, gaba sittin. Ta ce sanyi ne a ciki mai shiga ƙashi, ga wasu fararen kifaye marasa ido suna shafar ƙafarta, kuma ta ji tsoro sosai, ba ta ɓoye ba. Ta sami wani ɗan tudu a tsakiyar ruwa ta zauna. Sama ta koma 'yar ƙaramar huda, baƙa wuluk. Tana nan sai ga tauraro ya leƙo, fari tas. Yana kaiwa tsakiya ta ce bisimilla ta murza mazari.

Ta yi ta kaɗi, ba ta tsaya ba, ba ta ɗaga kai ba sai don duba sama. Da tauraro ya dawo tsakiya ta tsinke zare ta aika da shi a guga, ta kama wani. Sau uku ta yi haka. Malam ya miƙe zaren uku a fili ya gwada, ko faɗin yatsa babu wanda ya fi wani. Ya tsaya yana duban su, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya leƙa rijiya ya ce, "Hurera, ashe abin da kike yi ke nan."

Daga ƙasa ta ce, "Shi ne dai, Malam."

Sai Malam ya tsara sauran. Ya sa Zungurum ya kai wa kowane gari doguwar gora mai rami, a kafa ta a kasuwa, mutum ɗaya ya riƙa leƙen sama ta ciki. Duk garin da tauraro ya gitta kansa su buga gangarsu, don gangar aljanu ana jin ta ko'ina a take, kuma kowane gari da irin muryar tasa. Gwaggo ta koma kaɗi karo na huɗu, daga fitowar tauraro. Duk gangar da ta ji sai ta ɗiga alli a zare ta kira sunan garin, Malam na sama yana rubutawa. Gari saba'in da biyu. Kafin tauraro ya dawo yatsunta sun fashe, ƙarshen zaren nan ja ne, ba fari ba.

Malam ya samo wani ƙaton duma ya huda ɗigo ɗaya ya ce nan ne rijiya. Ya ja layi ta kan ɗigon daga wuyan duma har gindi. Ya naɗa zaren ya kewaye tsakiyar duman daidai yadda tsawonsa ya kama, ya bi ɗigon alli ɗaya bayan ɗaya yana sa kowane gari a mazauninsa. Yana zane Gwaggo na duban ƙasa. Inuwarsa ta koma kamar goro.

Suka kai wa Sarauniya. Ta ce ba ta yarda da taswira sai ta kwana, wato sai tauraro ya kewayo. Aka jira, Gwaggo na ƙirga numfashi. Da ya kewayo Sarauniya ta ce, "Shamaki, ɗauki duman nan ka je Tsamiyar Azurfa." Zungurum ya ɓace, kafin a gyara zama ya dawo da ganyen azurfa a hannu. Ta aike shi gari bakwai, bakwai ɗin ya same su inda duma ya ce. Sai ta sa a raba garuruwa, kowane gari ya bincika daga iyakarsa zuwa ta maƙwabcinsa. Ba a jima ba aka ji guɗa daga nesa. An sami 'yan kai amarya a wani kwari, tafiyar rabin yini daga gidan ango, suna zaune sun ƙare duk waƙoƙin da suka sani. Sarauniya ta rungume 'yarta ta yi kuka a gaban fadawa, ba wanda ya ga laifinta.

Da ta share hawaye ta juya duman a hannu, ta sake juyawa, ta ce, "Ya kai mai awo, ban ga fadata ba."

Malam ya juyo ya dubi matarsa. Gwaggo ta tsinko auduga mafi fari a taskirarta ta ɗora a kan duman a hankali. Ta ce, "Ga ta, ranki ya daɗe. Ita ba a manne ta. Duk garin da ta tsaya a kansa, ranar su ne da baƙi."

Sarauniya ta yi murmushi ta ce ta karɓa. Amma ta ce saura abu ɗaya. Bakin rijiya faifai biyu ne, ita kuwa tana son ɗigo ɗaya tak a tsakiya wanda za a riƙa komawa gare shi har abada. Duk abin da aka yi da ƙasar Juyau wata rana zai yi ƙafa ya tafi. Sai yumɓun ƙasar 'yan Adam. Tana faɗa tana duban mazarin da ke hannun Gwaggo.

Malam ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan na mahaifiyarta ne. Shi kaɗai ta bar mata. Ba za a taɓa shi ba." Gwaggo ta ce tunda take da shi, ranar ce ta fara jin ya musa wa mai mulki.

Ta dubi gululun, duk ya yi santsi da hannun uwarta da nata. Ta dubi ƙasa, inuwar Malam ba ta fi ƙwayar wake ba. Ta zare shi daga mazari ta ce, "Malam, yi shiru. A zura ni a rijiya."

Da hannunta ta dasa shi a tsakiyar tudun nan, daidai inda tauraro ke faɗowa ta hudarsa. Ta ce ta ɗan zauna a wurin ta yi wa mahaifiyarta addu'a, sannan ta ja igiya. Tana fitowa Zungurum ya warware rawani, suka bi da gudu. A bakin hanya mai tsaron ƙofa ya tsugunna yana neman inuwar Malam, sai da ya karɓi aron tabarau sannan ya gan ta. Ya matsa suka wuce.

Sun sauka tsakar gida da la'asar. Inuwar Malam ta daɗe ba ta dawo ba, kullum Gwaggo sai ta fitar da shi rana ta auna da taƙi. Kaɗi kuwa ta daina. An kawo mata gululu daga kasuwa har uku, ta ce ba su zauna mata a hannu ba. Gidan ya yi shiru, ta rataye taskira a ƙusa.

Wata safiya na je gaishe su na iske Malam a bayan ɗaki, hannu dumu-dumu da yumɓu, ya tara wasu 'yan dunƙule-dunƙule kusan ashirin, duk sun karkace. Mutumin da ya zana ƙasa guda a jikin duma ya kasa mulmula abin da bai fi ƙwai ba. Ya zaɓi wanda ya fi dama-dama ya gasa a murhu, ya kawo mata a tafin hannu, yana kallon gefe.

Gwaggo ta juya shi ta ce, "Malam, wannan ai gefe ɗaya ya fi nauyi."

"Na sani."

Ta sauko da taskira ta zura shi a mazari, ta lakato alli ta murza. Mazari ya kama rawa yana ƙugi, ya fi na da ƙara sau biyu, zare na fita da ƙulli-ƙulli. Ta tsaya ta dube shi, tana jiran ya ce kunnensa.

Ya jawo tabarma kusa da ita ya zauna, inuwarsa ta kwanta a kan tata. Ya ce, "Ci gaba, Hurera. Ina ji."

Iya abin da ta ba ni labari da abin da na gani da idona ke nan, nan ni ma na tsaya. Da gululun nan take kaɗi har yau.